Zambo Ya Gyara Abin da Yabo Ya Ɓata

Cartago, 9 ga Yuni

Papi na kaina,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ka sa mini albarka. Ina fata kana lafiya, gwiwar nan kuma tana barin ka ka runtsa. Yaya jikin Yaya Dagoberto? Yana zuwa wankin ƙodar a kan lokaci, ko har yanzu sai an yi daru da shi? Ka gaishe shi, ka gaida ƙanena Wílberth da matarsa da yara. Ni lafiya ƙalau, in ban da sanyin garin nan da ya ƙi sabawa da ni, ni ma na ƙi sabawa da shi.

Na san za ka ce me ya hana ni bugo waya. Papi, wayar makon jiya ta ishe ni darasi: ina ta ihu an ƙara mini girma, kai kana ba ni labarin farashin masara. Ka ƙarar da ƙuruciyarka kana kiɗan marimba a kowane biki, yanzu kunnen ya yi ritaya ya bar ka. Don haka ga takarda. Direban motar Nicoya zai miƙo maka, ka sa tabarau ka gyara zama.

Albishirinka! An ba ni shugabancin aikin na'urar nan da na daɗe ina damun kowa da zancenta. Wani ɗan abu ne kamar agogo, mai saran rake zai ɗaura a wuyan hannu. Yana auna zafin jiki da bugun zuciya. In jiki ya fara ƙuna, ruwa ya ƙare masa, sai ya yi ƙara, mutum ya ajiye adda ya nemi inuwa ya sha ruwa tun ƙoda ba ta ji jiki ba. Da akwai irinsa lokacin da Yaya Dago yake gona, wa ya sani. Ba na so in tsaya kan wannan tunanin. Wílberth nake dubawa, wanda zai sake shiga rake a watan Disamba, ga shi da taurin kai irin na gidanmu.

Ka san aikin kamfaninmu bai wuce harhaɗa robobin ƙarin ruwa da allurai ba, zanen wasu, sunan wasu. Mai kamfanin, Don Eliécer, ya ce ya gaji da dafa wa wasu abinci yana sharar kwano. Ya sa aka rushe bango tsakanin ofisoshi biyu, ya tsinto mutum ɗaya daga kowane sashe ya zuba mu a ɗaki guda. Akwai Minor mai zuba roba, da Marjorie mai wayoyi da batir, da Doctora Ligia likitarmu, sai ni mai lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar. Siffar agogon kuwa shi Don Eliécer ya zana da hannunsa. Mutumin kirki ne, Papi. Ya san sunan 'ya'yan kowa, kuma kullum ƙarfe uku shi yake tace mana kofi da kansa, ba ya yarda kowa ya taɓa matacin.

Wata ƙungiyar manoman rake a wajen Filadelfia, can lardinmu, ta yarda mu gwada a jikin masu noma da ban ruwa, cikinsu har da Wílberth. A watan Oktoba za su ce e ko a'a. In sun ce e, na'urar za ta shiga saran bana. In sun ce a'a, abokan jarin Don Eliécer za su rufe ɗakinmu, kowa ya koma kan robobinsa.

Jiya muka ɗora ta a tebur gaban kowa. Papi, sai ka ga yadda take sheƙi! Minor ya ce, “Kai, ta yi kyau.” Marjorie ta ce, “Masha Allah, ba abin gyara.” Likita ta gyaɗa kai tana murmushi. Ko mutum ɗaya bai ga aibu ba. Ni da na tashi a gidan da ko wake ka dafa sai an sami mai cewa gishiri ya yi yawa, har na ji wani banbaraƙwai. Amma murna ta fi ƙarfina, na taka rawa a gaban injin ɗab'i har Marjorie ta ɗauke ni hoto.

Ka taya ni da addu'a. Ka ce wa Yaya Dago ya rage gishiri, in kuma ya yi maka musu ka ce ni na faɗa.

'Yarka mai ƙaunarka,
Yorleny

Cartago, 6 ga Yuli

Papi,

Bayan gaisuwa da neman albarka, ina fata kowa lafiya. Na sami saƙon gurasar masara, na gode. Rabi na ci, rabi mutanen ofis suka wawashe suna cewa ɗanɗanawa kawai za su yi.

Raina a ɓace yake, gara in faɗa maka tun daga farko. Gwajin ya faɗi ƙasa warwas, kuma yadda ya faɗin ne ya fi ƙona mini rai.

Da muka je karɓar na'urorin, leburori suka jeru suna miƙo su a goge tas. Kowa na cewa, “Mun gode ƙwarai, injiniya, abu ya yi kyau.” Har da ɗan'uwana, ya rungume ni yana cewa ya ji daɗinta. Na dawo Cartago ina ji kamar in tashi sama. Na buɗe bayanan da na'urorin suka tara, sai na ga abin al'ajabi: da hantsi, zukatan mutum ashirin sun tsaya cak a tare, jikinsu kuma ya yi sanyi, har zuwa yamma. Na ce ko dai duk sun mutu sun dawo, ko kuwa akwai magana. Na bugi cikin direbanmu, ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce ai a reshen wata bishiya suke rataye su da zarar mun juya baya. Papi, mako biyu cur ina auna lafiyar bishiya. Ina mai tabbatar maka ƙodarta garau take.

Na tara mutanen ɗakinmu na zayyana musu. Don Eliécer ya cire tabarau yana gogewa, ya ce, “To, me kuke gani ya jawo?” Minor ya duƙufa kallon takalminsa. Marjorie ta ce ƙila ba su saba ba ne. Likita ta ce a ƙara wayar musu da kai. Aka tashi.

Abin haushin na gaba. Ina fitowa Minor ya tare ni a bakin matakala, ya waiga hagu da dama, ya ce, “Yorle, tsakanina da ke, robar nan in ta haɗu da gumi tana cin fata. Tun ranar farko na sani.” Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, “Haba, zanen Don Eliécer ne fa. Mutumin da ya tsaya mini ranar aurena? Da wane baki?” Da rana Marjorie ta same ni a wajen wanke hannu, ita ma da nata sirrin. Kowa yana riƙe da guntun gaskiya a aljihu, kara ta hana shi fitarwa. Leburori sun yi mana kara, mu mun yi wa maigida kara, na'ura tana lilo a bishiya.

Na gwada dabaru. Na ajiye akwati na ce kowa ya jefa ƙorafi ba suna. Da na buɗe, takarda ɗaya na samu, an rubuta, “Allah ya ƙara basira.” Na kira taro na ce yau ba yabo, aibu kawai, sai aka zuba mini ido kamar na zagi uwar wani. Na ji Marjorie na raɗa wa likita wai mu mutanen lardin Guanacaste rana ce ta dafa mana baki. Na yi kamar ban ji ba, amma na riƙe.

Oktoba na matsowa, ni kuma ban san abin da zan gyara ba tunda ba mai gaya mini a gaban wanda ya kamata ya ji. Ina tsoro, Papi. In ɗakin nan ya rufe, Wílberth zai shiga rake da hula da gorar ruwa kawai, yadda Yaya Dago ya shiga.

Kamar wannan bai isa ba, an sake ɗora mini shirya bikin ranar lardinmu ta ashirin da biyar ga wata, don ni kaɗai ce 'yar can. Ka aiko mini da lambar makaɗan nan abokanka da ke San José. In gwiwa ta yarda ka zo da kanka.

A gaida kowa da kowa.

Taka,
Yorleny

Cartago, 26 ga Yuli

Papi! Papi!

Ka sa mini albarka, ina fata kana lafiya, a gaida Yaya Dago da su Wílberth. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, labari ne ke cina. Da ka san abin da gwiwarka ta sa ka rasa jiya, da ka zo ko a kan jaki.

Mun yi bikin a filin ajiye motoci bayan cin abincin rana. Makaɗanka sun zo da marimba, an ci shinkafar masara da kaza, an sha abin sha, matan sashen allurai sun sa manyan siket suna juyi. Sai na ga bikin ya yi lami, kowa na tafi cikin ladabi kamar a coci. Na hau kujera na ce, “Jama'a, a garinmu ba a biki ba bomba. Abin ba wuya: ka ƙwala ihu ka ce bomba, kiɗa ya tsaya cak, ka jefa wa wanda ka ga dama baiti layi huɗu, kiɗa ya ci gaba. Wanda aka jefa ba ya fushi, ramawa yake yi.” Na buɗe fage da tsohon baitinka na surukar da ta fi barkono yaji. Aka yi dariya, wasu suka gwada na soyayya, abin dai sama-sama.

Can sai na ji muryar Minor, wanda ko gaisuwa a ciki yake yi. Ya ɗan sha, fuskarsa ta yi ja. Ya ce bomba, kiɗa ya tsaya, ya ce:

Agogon Don Eliécer kyakkyawa,
Ga sheƙi kamar na amarya,
Ka ɗaura shi ka shiga rana,
Ya saluɓe maka fata, ba ƙarya.

Papi, makaɗa ma sun manta su ci gaba. Minor ya dawo hayyacinsa, na ga yana neman ƙasa ta tsage. Don Eliécer yana riƙe da faranti, ya ajiye shi a hankali a kan wata mota, ya goge baki. Na ce a raina shi ke nan, na kashe kamfani da al'adar garinmu. Sai tsohon nan ya ɗaga hannu, ya ce bomba da wata murya da ban san yana da ita ba:

Minor ya ce roba na ciwo,
Shi ya zuba ta a injinsa,
Wata shida yana ce min madalla,
Yau wa ya kwance masa bakinsa?

Wayyo! Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Minor ya durƙushe yana dariya har da hawaye. Daga nan fa aka ɓalle. Marjorie ta fito ta jefi kanta da kanta:

Kukan na'urarmu ɗan siriri,
Ni na sa mata shi, na sani,
A ofis sai ka ce jiniya,
A gona sauro ya fi shi amfani.

Wata daga sashen allurai, wadda mahaifinta ya yi saran rake, ta jefa nata a kan cewa mun ɗaura abu a hannun da ke sara, kamar ba mu taɓa ganin mai adda ba. Ni ina gefe ina ta tafi, ina jin daɗi ana yi wa kowa tas. Ashe nawa na tafe. Doctora Ligia, matar da ko tari ba ta yi da ƙarfi, ta gyara gilashi ta ce:

Yorleny gwanar lissafi,
Na'urarta ta kwaso halinta,
Ka yi atishawa ta yi ihu,
Kowa ya gaji da faɗanta.

Na ji zafi har cikin ƙashina, ba zan ɓoye maka ba. Na buɗe baki zan kare lissafina, sai na tuna ni na kafa dokar ba fushi. Kuma gaskiya ta faɗa: na tsananta awon har na'urar na ihu ko mutum ya ɗan yi sauri. Don tsoron kada ta yi shiru a kan mai ciwo, na sa ta zama mai surutun da ba wanda zai saurara. Na rama da wani gurgun baiti da ba zan rubuta maka ba, kada ka ce ba jininka ba ce.

Dama an ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, to jiya duk mun zama wawaye, kuma mun ji daɗin zama. Kafin makaɗa su naɗe kaya, Minor da Marjorie sun duƙa a kan bonet ɗin wata mota suna zane a bayan faranti na takarda, suna musu da ƙarfi. Musu, Papi, a Cartago! Don Eliécer ya zo ya dafa ni ya ce, “Ni fa na ɗauka da gaske kuke so. Na yi ta mamakin yadda na tsufa ban taɓa yin kuskure ba.” Ya ce daga yanzu kowace Juma'a bayan kofi a yi bomba a ɗakinmu, shi zai kawo kiɗan a waya.

Ina da roƙo. Leburorin ma ba za su faɗa mana gaskiya a tsaye ba. Ina so mu kai musu marimba har gona, kuma kai nake so ka kaɗa. Zan turo mota, ba za ka taka ko'ina ba. Kada ka ce a'a, kuma kada ka ce mini e alhali a'a kake nufi, na ƙoshi da wannan.

'Yarka da murna ta hana zama,
Yorleny

Cartago, 14 ga Satumba

Papi abin alfaharina,

Ina gaisuwa, ina neman albarka. Ina fata ka huta gajiyar hanya. Na ji Yaya Dago ya ɗan kwanta ya tashi, Allah ya ƙara sauƙi. Na kunna masa kyandir a babban coci.

Na gode da zuwanka gona. Hannunka bai tsufa ba, ko da yake sai an taɓa maka kafaɗa kake sanin an ce bomba. Ka ga yadda leburori suka yi mana wankin babban bargo, suna dariya muna rubutawa. Amma na lura da wani abu. Da Wílberth ya jefa nasa, ba wanda ya yi dariya, kai kuma ka yi ta tambayar na kusa da kai me ya ce, kowa na ce maka ba komai. Sun yi maka kara. Ni ba zan yi maka ba, ga abin da ɗanka ya ce:

Yaya ta kawo mini agogo,
Mai faɗin wanda jikinsa ya yi zafi,
Ranar da ya nuna ni da yatsa,
Aiki ya tafi, abincin yara ya tafi.

Ka ji dalilin bishiya. Cin fata da ƙaramar ƙara duk gaskiya ne, amma wannan ce uwar. In na'ura ta yi ihu a hannun mutum ɗaya, shugaban leburori zai gane wanda jikinsa ya fara gazawa, baɗi ba za a ɗauke shi ba. Sun gwammace ƙoda ta lalace a ɓoye da a sallame su a fili. Na koma mota na yi kuka, Marjorie na riƙe da hannuna.

Amma Papi, ka zo ka ga ɗakinmu yanzu! Juma'ar da ta biyo baya ba a ma kunna kiɗa ba, kowa ya zo da wuta. Mun ɗauke na'urar daga wuyan hannu mun mayar damtsen da ba ya sara. Minor ya watsar da roba, ya samo wani yadi mai shan gumi. Marjorie ta cire ƙarar ta sa girgiza, sannan ta kawo dabarar da ta sa na sumbaci goshinta: na'urorin ayarin leburori guda za su riƙa magana da juna. In jikin mutum ɗaya ya yi zafi, na kowa zai girgiza a tare, ayarin duka ya tafi inuwa, ba wanda zai san na wane ne. Likita ta buga tebur ta ce ita fa ba ta yarda ba, ta yaya za ta bi mara lafiya in ba suna? Aka yi kwana da kwanaki ana fafatawa. A ƙarshe aka tsaya kan cewa bayanin kowa zai zauna cikin tasa na'urar, a kulle, sai in shi ya kai wa likita da ƙafarsa ya ce a buɗe.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wata Juma'a wani ya jefi Minor a kan sanƙonsa, ya yi fushi ya yini bai yi magana ba. Dole muka ƙara doka: a jefi aiki, a bar mai aiki.

Wakilin ƙungiyar manoman ya zo makon jiya. Da ya ji ba za su ga sunaye ba sai ya ɓata fuska. Ya ce, “Wato mutum ɗaya ya gaji, goma sha biyu su zauna? Kuma ba za mu san ko wane ne ba?” Na zuba wa Don Eliécer ido, don na san shi da son a rabu lafiya. Ya zuba wa baƙon kofi, ya tura masa sukari, ya ce, “A'a, ba za ku sani ba. In da suna, a bishiya za ku same ta.” Mutumin ya tafi bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Akwai abin da na yi da nake jin nauyin faɗa. Shekaranjiya na sami Marjorie ita kaɗai, na ce ta bar mini wata 'yar ƙofa a cikin na'urar, in riƙa ganin na Wílberth kawai, ba wanda zai sani. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Ta ce, “A'a, Yorle. In na buɗe miki, na buɗe wa shugabansu. Ba zan yi ba.” Ba marimba, ba baiti, ba murmushi. Na yi fushi na fita na zaga filin motoci, na dawo na ce ta yi gaskiya. Har yanzu da ɗan haushinta a raina.

Saura jiran Oktoba. Ka ci gaba da addu'a, kuma kada ka nuna wa Wílberth na gaya maka.

Taka har kullum,
Yorleny

Filadelfia, 11 ga Disamba

Papi,

Gaisuwa da neman albarka, da fatan kai da Yaya Dago kuna lafiya. Daga masauki nake rubuto maka, ƙafafuna baƙi ƙirin da tokar rake, ban ko yi wanka ba.

Ka riga ka ji sun yarda, amma da sharaɗi: ayari uku kawai a bana, su ga ko aiki zai ragu. Ɗakinmu dai bai rufe ba. Ranar da labarin ya zo, Don Eliécer ya ƙona kofi don murna, muka shanye a haka, Minor ya ce masa ya ƙone, shi kuma ya ce ya sani.

Yau aka fara sara. Tun da asuba muna bakin gona, ni da Marjorie da likita. Na ga Wílberth ya ɗaura tasa a damtsen hagu, ya ja hannun riga ya rufe, ya ɗaga mini adda daga nesa. Suka shiga. Mu kuma muka zauna ƙarƙashin rumfar da aka kafa, kusa da tankin ruwa, ba abin da muke iya gani sai bayansu da rake na zubewa. Na yi ta leƙen bishiyoyin gefen gona, Marjorie na yi mini dariya. Ba komai a rassan.

Rana ta ɗaga, zafi ya fara dukan ƙeya. Ina cikin cewa ko dai lissafina ya yi sanyi da yawa wannan karon, sai na ga ayarin su Wílberth sun tsaya a tare. Adduna suka sauka. Suka juyo suna tahowa rumfa, mutum goma sha uku, ba wanda ya rage a baya. Papi, na ƙanƙame Marjorie har ta yi ƙara. Shugaban leburori ya duba agogonsa ya yi tsaki.

Sun zo suna tsiya. Wani ya ce, “Wane rago ne ya jawo mana hutu? Ya fito mu gode masa.” Wani ya ce, “Na Chepe ne, jiya a gidan surukai ya kwana.” Chepe ya ce, “Ƙarya kake, ni jikina ƙanƙara ne, naka ne, tsoho.” Suka yi ta jifan juna suna kwankwaɗar ruwa, kowa na ɗora wa na kusa da shi. Likita ta juya baya tana share ido, wai toka ce ta shiga.

Wílberth ya zauna a ƙarshen benci. Ya sha gora ɗaya, ya sake cikawa ya shanye, ya zuba saura a ka. Bai shiga tsiyar ba. Na tsaya ina karanta fuskarsa yadda na saba karanta lambobi: ko leɓensa ya bushe fiye da na sauran, ko numfashinsa ya fi sauri, ko gajiya ce kawai irin ta kowa. Ya ɗago ya kama ni ina kallo. Ya ce, “Yaya, kin san na wane ne?” Na ce ban sani ba. Ya ce, “Tsakani da Allah?” Na ce tsakani da Allah, ko ni ba ni da hanyar sani. Ya dube ni, sannan ya gyara ɗaurin a damtsensa, ya ƙara matse shi.

Da na'urorin suka sake girgiza alamar jiki ya huce, suka tashi suka ɗauki adduna. Na bi bayansa da ido har rake ya rufe shi. Wataƙila nasa ne, Papi. Wataƙila yau ƙodar ƙanena ce ta nemi ruwa, aka ba ta. Ba zan taɓa sani ba, kuma ni da hannuna na taya aka gina ta haka. Abin da na sani shi ne ya zauna a inuwa, ya sha, ya koma da ita a jikinsa.

Zan iso gida ranar Asabar in Allah ya yarda. Ka ce wa Yaya Dago ya jira ni, da bakina nake so in ba shi labarin.

Ka sa mini albarka.

'Yarka,
Yorleny Briceño